Shaidu Biyu a Kan Haƙurina

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na tara shaidu da kaina domin su tabbatar wa wayar salula cewa ni mutum ne mai haƙuri.

Bari in ɗauko daga tushe, don ba na son labari da gaggawa. A unguwarmu nan Wudil an yanke shawarar kafa kwamitin sulhu, saboda rigimar iyakar gona da ta awakin da ke shiga gidajen mutane ta yi yawa. Ranar Asabar za a zaɓi shugaba, kuma sunana ne a bakin kowa. Shekara da shekaru ina ɗan karantarwa a masallaci bayan La'asar, babin da na fi daɗewa a kai kuwa shi ne na haƙuri. Kujerar nan ina son ta. (Sau uku na ce ba na so a gaban jama'a, amma Allah na gani, har na kai ɗinkin sabuwar riga.)

Ana nan sai Rukayya, ɗiyar ƙanena, ta kira ni. Tana karatun sanin halayyar ɗan'adam a wata jami'a can nesa.

"Baba, taimako nake nema. Bincike muke yi ta intanet, kuma dattawa sun yi mana ƙaranci. Tambayoyi ne kawai, ka amsa da ɗaya zuwa biyar."

"Jarrabawa ce?"

"A'a Baba, ba ci ba faɗuwa. Gaskiyar halinka ake so. Ka dai samu wuri ka zauna kai kaɗai."

Wannan magana ta ƙarshe na ji ta, amma ban riƙe ta ba.

Ni ɗan makarantar allo ne. Da ajami nake rubuta komai, boko kuwa ina karanta shi da tabarau da ɗan yatsa, kalma bayan kalma. Shafin farko na abin da ta turo min ta waya ya nemi izinin kunna kyamara, na ba shi ba tare da dogon tunani ba. Na biyu ne ya tsayar da ni: wai in yi alkawarin faɗin gaskiya game da kaina. To mu a zaure mun karanta cewa mutum ba ya ba da shaida a kan abin da zai amfane shi. Idan za a tabbatar da magana, shaidu biyu adilai ake nema. Na ce waɗannan masu bincike ilimi gare su, amma nan kam sun yi tuya sun manta da abu mai muhimmanci, ni zan cike musu.

Sai na aika aka kira min Malam Idi, ladanin masallacinmu, da Sabo mai soya kifi a bakin gada, abokina tun muna wanke allo tare. (Dukkansu suna cikin masu zaɓen Asabar. Ba zan ce ban lura da haka ba.) Muka zauna a zaure da hantsi, na jingina wayar da buta tana kallona. Matata Binta tana tsakar gida, bayan labule, tana tsintar shinkafa. Muka gaisa, aka tambayi iyali da gona da kasuwa da ciwon gwiwar Malam Idi, sannan na yi bisimilla na karanta ta farko.

"Nakan saurari mutum har ya gama magana. Ɗaya, sam. Biyar, kullum."

Sabo ya ce, "To, a gaskiya dai idan mutum ya duba..."

Na ce, "Biyar ke nan."

Sabo ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, Liman ƙarami? Sa biyu."

Malam Idi mutum ne mai tsoron ɓacin rai. Ya shafa gemu ya ce a sa uku, mafi alherin lamari tsakiyarsa. Na danna uku, na yi murmushi irin na manya.

Ta biyu ta ce nakan yafe da wuri idan an yi min laifi. Na dubi Malam Idi da kyakkyawan zato. Shi kuwa ya dubi tabarma.

"Malam, akwai maganar akuyar maƙwabcinka Tanimu da ta ci maka zogale. Yau shekara bakwai ba ka amsa masa gaisuwa sai da hanci."

Daga bayan labule aka ce, "Takwas."

Na ce, "Binta, ba a kira ki shaida ba."

"Ni shinkafata nake ƙirgawa, Malam."

Haka muka yi ta tafiya. Tambayar da Rukayya ta ce ta ɗan lokaci ce, mu sai mun yi mata zaman kotu. Aka tabbatar ina maimaita labari. Aka tabbatar ba na karɓar gyara. Sabo har ya kawo misali da ranar da na yi kuskuren lissafin kwanan wata, na ce watan ne ya makara. Ina ta danna biyu da uku, ina ta jero istigfari.

Sai ga ta nan: "Ina saurin fushi."

Na ce, "Wannan kam ba sai an wahalar da shaidu ba. Ɗaya."

Sabo ya ce, "Huɗu."

Malam Idi ya ce, "Uku da rabi, idan akwai."

Labule ya ce, "A biyar suka tsaya?"

Jama'a, abin da ya biyo baya, shaidu ne suka ba ni labarinsa, don ni ban kasance a wurin ba sosai. An ce na miƙe tsaye. An ce na cire hula na riƙe ta kamar zan jefi kaza, tabarau ya faɗi can gefe. An ce na tambayi Sabo wa ya san shi da adalci, mutumin da ke sayar da kifin jiya da sunan na yau. An ce na rantse cewa a duk faɗin Wudil, daga gada har hanyar Darki, babu wanda ya kai ni sanyin zuciya, kuma duk wanda ya musa ya fito waje. Abin da na tuna kawai shi ne na danna ɗaya da ƙarfin da ya kayar da butar.

Malam Idi ya tsame wayar daga ruwa ya goge ta da bakin rigarsa, ya ce tambayoyi sun ƙare, wani sashe ne ya fito. Yanzu fuskokin mutane ake nunawa, a faɗi halin da kowanne yake ciki. Na zauna ina haki, na ce a miƙo, ai karatun fuska aikina ne. Ban tsaya neman tabarau ba.

Aka nuna wata mata, na ce farin ciki. Aka nuna wani saurayi, na ce tsoro. Sai aka nuna wani tsoho mai sanƙo, baki buɗe, jijiyar wuya a miƙe, hannu a sama.

Na ce, "Subhanallahi. Wannan fushi ne, kuma irin mummunan nan. Ku dube shi, da furfurarsa. Irin waɗannan ne nake faɗa muku a karatu, Shaiɗan ya mai da su abin hawa. Wannan ko iyalinsa suna shan wahala. Allah ya shirye shi."

Labule ya ce, "Amin."

Sabo ya leƙo ta kafaɗata, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Liman ƙarami, hular da ke hannunsa irin taka ce."

Malam Idi ya ɗauko tabarau ya miƙo min da hannu biyu, kamar mai miƙa takardar sammaci. Na saka. Ga zauren gidana, ga labulen Binta, ga rabin kan Sabo a gefe. A ƙasan hoton an rubuta cewa wannan fuskarka ce, an ɗauke ta lokacin da kake amsa tambayoyi, wane hali kake ciki? (Ni ban taɓa ganin kaina ba hula daga wannan kusurwa ba. Ashe sanƙon ya kai har can.)

Na nemi wurin gogewa, babu. Na riga na danna fushi, da shaidu biyu adilai a zaune.

Da yamma Rukayya ta kira, muryarta tana rawa irin ta mai danne dariya. Ta ce in kwantar da hankalina, sirri ne, ba mai gani sai su masu binciken. Sai dai ba za su iya amfani da amsoshina ba, domin ƙa'ida mutum ɗaya ne, su kuwa sun ga mutum biyu da rabi, da wata murya da ba su gano mai ita ba. Na ce ta gaishe su.

Sirrin intanet ya tsare ni daga mutanen da ba su san ni ba. Sabo kuwa a bakin gada yake sana'a, inda duk motar da ta tsaya sai an sayi kifi an ji labari.

Ranar Asabar na sa sabuwar rigata na tafi. Aka zaɓi Malam Idi, ba hamayya, ni ma na ɗaga masa hannu, don kowa ni yake kallo. Da aka buɗe zama ya ce a kawo ƙara ta farko, sai Sabo ya miƙe ya ce an ɓata sunan kifinsa a gaban shaida. Malam Idi ya yi mana nasiha mai ratsa jiki a kan haƙuri. Kalma bayan kalma karatuna ne na bayan La'asar, har da inda nake tsayawa in yi tari. Na ba Sabo haƙuri, na sayi kifi, aka shafa fatiha.

Har gobe ina kan fahimtata cewa mutum ba ya yi wa kansa shaida. Abin da na ƙaru da shi ɗaya ne: idan za ka kira shaidu a kan halinka, ka nemo waɗanda ba su taɓa zama da kai ba, kuma ka aiki matarka unguwa tukuna.