Na Karanta Kaji A Shafin Sauro

Har gobe ina jin haushin Rabi, kuma ba zan ɓoye ba. Rana ɗaya muka shiga ajin manya a Sabon Gari, ni da ita, kowa ta haura arba'in. Wata uku kacal, Rabi na zuba karatu kamar mai labarun rediyo, ni kuwa ina bin baƙi da yatsa ina nishi. Ni da nake raba faɗa a kasuwa da tsawa ɗaya!

Ranar da ba za ta fita a raina ba ita ce da aka ce wani Mushe, wato babban malamin boko, zai zo daga ofis ya ji karatunmu, a gaban iyalanmu. Na rantse Rabi ba za ta fi ni a gaban matar ɗana ba (yarinyar ta gama lakwal, wato makarantar boko, kuma tana ganin girmana). Malamarmu, Madam, ta ce kowa ta shirya shafi guda. Sai na koma ga abin da na iya tun makarantar allo: hadda. Kwana biyar maƙwabciyata na karanta mini shafin kiwon kaji, ina maimaitawa har a bakin murhu.

Da aka kira ni, Mushe ya buɗe littafin da kansa ya miƙo. Ko duba ban yi ba. Na gyara mayafi na ɗaga murya:

"Kaza tana son ruwa mai tsabta! A share akurki kullum!"

Ina tafiya da gudu, har ina ɗago kai ina kallon jama'a yadda Rabi ke yi. Sai na ga Madam ta rufe fuska da hannu.

"Sannu da ƙoƙari, Hajiya," in ji Mushe. "Sai dai wannan shafin na gidan sauro ne."

Na duba. Ga hoton sauro nan, ƙato, ya kai tafin hannuna. Maimakon in yi shiru (ban taɓa iyawa ba) sai na ce, "To ai kaji ma sauro na cizonsu, Mushe."

Dariya har da masu faɗuwa daga benci. Matar ɗana, baiwar Allah, ta duƙa wai tana gyara takalmi.

Bayan an watse, Rabi ta riƙo hannuna tana share hawayen dariya.

"Ke ƙawa, sau biyu na yi ajin nan a Jiratawa kafin mu taso Maraɗi. Shekarar fari ko sunana ban iya rubutawa ba. Ke a wata uku kin san baƙaƙe duka."

"Don me ba ki faɗa ba, munafuka?"

"Kin tambaya? Harara kawai kike aiko mini."

Ashe tsere nake ta yi da wadda ta riga ni tashi da shekara biyu, ban tsaya na ga inda ƙafata ta kawo ni ba.

Washegari na riga kowa zuwa. Na ce wa Madam ta buɗe mini shafin sauron, ta dafe hoton da hannu. Layi ɗaya ya cinye mini hantsi guda, amma ni na karanta shi.