Babban Yatsan Saja Bartholomew

Jiya na yi asarar wuni guda da takalmi ɗaya, duk a kan rakiya. Maƙwabcina Saja Bartholomew ne ya buga mini ƙofa da sassafe, wai in raka shi cikin gari, tunda ni ne mai karanta jarida a layinmu na Karshi, na san bakin ma'aikata. Ban san komai ba, amma wa zai ce wa tsohon soja a'a?

Kwanan nan Saja ya tuɓe kaki, bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a daji. Ranar da aka yi masa faretin sallama, ranar katin asibitinsa na bariki ya mutu. Ga matarsa Azumi, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ta kama ɗayan, likita ya ce a yi aiki kafin shi ma ya tafi. Aiki sai da katin inshorar 'yan fansho. Kati kuma sai da shaidar biyan haraji, harajin da tun yana kurtu ake yankewa kafin albashi ya taɓa hannunsa. Wato su suka karɓa, shi zai tabbatar musu sun karɓa. Allah ya ƙara wa manyanmu basira.

Da muka isa ofishin haraji, Mai Girma Sarkin Hatimi bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba, ya ce, "Ku tsaya nan." Saja ya haɗa ƙafa ya ƙame. Ni na sami benci, na ci gyaɗa, na yi gyangyaɗi, na farka, mutumin nan ko bango bai jingina ba.

Na ce, "Saja, zauna mana."

Ya ce, "Ba a ba ni oda ba, Malam."

Can aka kai mu gaban wata yarinya mai ladabi, Mashkura, da na'urar ɗaukar yatsu. Na'urar yatsu goma take so. Saja tara gare shi, don babban yatsansa na dama nakiya ta tafi da shi a bakin daga.

"Baba, saura ɗaya."

"Iyakar abin da ya rage ke nan, 'yata."

Ta gwada, ta sake gwadawa, na'ura sai jar wuta take yi. Ta ce cikin tausayi, "Wallahi kwamfuta ba ta karɓar tara. Sai dai ku ga oga a sama."

Lif na manya ne, muka bi bene, a nan takalmina ya tsinke. Muka sami Ranka Ya Daɗe Wazirin Fayil cikin sanyin na'ura, sabuwar kujerarsa ko ledarta ba a cire ba. Mutumin kirki ne, sai da ya yi mana wa'azin kishin ƙasa tukuna, sannan ya dubi hannun.

"To ina yatsan yake?"

"Na ba gwamnati, sa."

"Wane sashe ya karɓa?"

"A daji ne, sa. Babu tebur a wurin."

Oga ya girgiza kai irin na wanda aka ɓata wa lokaci. "Ka gani ko? Matsalarku ke nan, ba ku ajiye shaida. Kana da rasit?"

Na zaci Saja zai kifar da teburin, har na ja da baya don in ba shi fili. Sai kawai ya ɗaga hannun nan mai yatsu huɗu ya sara masa. Wallahi kunya ta kama ni, ni da ban yi komai ba.

Muka dawo Karshi ina jan ƙafa. Azumi na zaune a ƙofar gida, ta ji tafiya amma ba ta gane ko su wane ne ba. Ta miƙa hannu ta laluba nasa, ta taɓa gurbin yatsan, ta ce, "Au, kai ne. An samu?"

Ya ce, "Sun ce in dawo."

Kun ji fa. Matar da ba ta gani ta gane shi da abin da ya sa gwamnati ta kasa gane shi.

Shawarata ga samarin da ke layin shiga soja: in an zo ɗibar wani abu a jikinku, don Allah ku dakatar da yaƙin, ku nemi rasit.