Ranar da Littafina Ya Ba da Shaida a Kaina

Ba zan taɓa mantawa da ranar ba ko da na so, domin da hannuna na rubuta ta. Haƙƙin da ke wuyana ɗaya ne: in mayar wa Alhaji Isufu jirginsa yadda ruwa ba zai shige shi ba.

Alhaji mutumin Maraɗi ne, mai shago a unguwar Port Richmond, kuma aminina. Ya sayi ƙaramin jirgin kamun kifi, ya haɗa da na'urar auna zurfin ruwa, irin wadda sai an huda ƙasan jirgi kafin a ɗaura ta. Ya so ya kai wa masu gyara, na hana shi (ni ne sakataren ƙungiyarmu, kuma ni kaɗai ke karanta takardar bayani har shafin ƙarshe).

Jirgin yana kan tirela muka yi aikin. Na auna sau uku, na huda, Alhaji ya shafa danƙon hana yoyo, na ɗaure noti. Kowane mataki sai da na rubuta shi a littafina da lambarsa.

Ranar Asabar muka tura shi ruwa a gaban 'yan ƙungiya. Allon na'urar ya nuna zurfi daidai. Ina cikin karɓar yabo na ji sanyi a safata.

"Malam Sakatare," in ji Alhaji, "na'urar nan taka, ruwan waje take aunawa ko na ciki?"

Da igiya aka jawo mu, ruwa har ƙwauri. Alhaji ya tsuguna yana kallon jirginsa. Ni kuwa na miƙe cikin ɓacin rai na sanar da jama'a cewa danƙon ne bai zauna ba, kuma kowa ya san wanda ya shafa shi. Domin kafa hujja, na buɗe littafina na karanta da babbar murya.

"Mataki na huɗu: na cire matoshin kafar fitar da ruwa ta bayan jirgi domin in wanke ƙurar huda. Na sa shi a aljihun jaket don kada ya ɓata."

Na duba sauran matakan. Babu inda aka mayar da shi. Jaket ɗin kuma tana jikina.

Alhaji ya zura hannu a aljihuna, ya ciro matoshin, ya hure shi.

"Bon," ya ce, wato "to" irin ta mutanen Maraɗi. "Allah ya yi wa littafin nan albarka. Ba shi da aboki."

Daga baya aka tabbatar hudata ko ɗigo ba ta yi. Kifin farko da ya kama gidana ya aika da shi, abin da ya fi zagi ciwo. Na koyi cewa wanda ya iya rubutu ya kamata ya riƙa karantawa a ɓoye tukuna.

Saboda haka ina neman ƙungiya ta kafa kwamitin da zai binciki dalilin da ya sa har yau ba a tayar da jirgin sai an lalube aljihuna. Ina kuma roƙon kada a ba ni rubuta rahoton. Na san halina, gaskiya zan rubuta.