Minsharina a Hanyar Shiling

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Shiling ba, ni da Alhaji Tanko da wata 'yar ƙasar Peru mai suna Rosa. Sarin jakunkunan mata ke kai ni Guangzhou, kuma tun rasuwar maigidana ni kaɗai nake kwana, a Kano ko a ɗakin da nake kamawa a unguwar Dengfeng ta Guangzhou. Alhaji Tanko mutumin Kumasi ne, shi yake tura mana kaya gida, kuma a lokacin ya fara nuna yana sona (ni kuwa sai jan aji nake, ina magana ƙasa-ƙasa kamar ban taɓa daka wa ɗan dako tsawa ba).

Da ma na jima cikin fargaba. Sai in kwanta da wuri amma in tashi da ciwon kai, maƙogwaro a bushe, da rana kuma ina ta gyangyaɗi. Na ɗauka wani mugun ciwo ne, tsoro ya hana ni gaya wa kowa.

Ranar da za mu Shiling, garin masu ƙera jakunkuna da ke gefen Guangzhou, mun haɗa mota saboda masana'anta ɗaya za mu. Alhaji yana gaba, ni da Rosa a baya. Na ci kwalliya, na yi wa kaina alkawarin ba zan runtsa ba. Na tauna kanumfari, na mintsini cinyata, duk a banza.

Farkawa na yi na ga mota tsaye a gefen titi, Rosa tana jijjiga ni, direba ya fita yana waya, Alhaji ya juyo yana salati.

"Hajiya, ka yi numfashi! Ka tashi!" (Hausar Ghana ba ruwanta da mace ko namiji.)

Ɗankwali ya zame, yawu har kan mayafi. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ni fa ba barci nake ba."

Babu wanda ya yi dariya, wannan ya fi tayar mini da hankali. Cikin gurguwar Turancinta Rosa ta ce minshari na yi ta ja har direba ya zaci taya ce ta samu matsala, sai kuma na yi tsit, ƙirjina ya daina motsi. Ta ce haka mijinta yake yi, ita ta gano don tana kwana kusa da shi, ta ja shi asibiti. Sannan ta tambaye ni, a gaban Alhaji, wa yake kwana kusa da ni. Na ce babu. Na so a ce kujerar ta haɗiye ni, domin a tunanina minshari na maza ne.

Da na koma Kano na ga likita. Ya ce numfashina ne yake yankewa cikin barci, kuma ana maganinsa. Yanzu da wata na'ura mai abin rufe hanci nake kwana.

Na yi ta guje wa kiran Alhaji, sai kawai na ji ya turo magabatansa wajen yayana. Da na tambaye shi ko ya manta abin da ya ji a mota, sai ya ce shi ɗan kasuwa ne, ya fi son ya ga samfur kafin ya yi oda.

Darasin da na ɗauka: mutum yana iya ɓoye komai idonsa biyu, amma ba shi da iko da abin da hancinsa zai faɗa in ya yi barci.