Yadda Sadauki Sallau Ya Kai Gaisuwar Safe a Tsaunin Ƙanƙara

Da sunan Mai sama da ƙasa muke buɗe tarihin gwarzon maza, Alhaji Sallau ɗan Barau, ɗan Nomau Mai Jakai, ɗan Tanko wanda ya taɓa daka wa kura tsawa ta bayan katanga, tsatson mazajen da ba su taɓa gudu daga fagen fama ba saboda Allah bai taɓa kai su can ba. Shi ne Sarkin Tayoyin Gusau, Garkuwan masu faci, ma'abocin tumbi da alfarma, giwa mai tafiya da waya biyu, hadarin gabas mai sauka a kan malmalar tuwo.

Amma ba'adu, duk da wannan ɗaukaka akwai ƙaya guda a zuciyar sadauki, wato surukinsa Malam Ɗayyabu, tsohon hedimasta, mutumin da in ya yi tari ɗalibansa na da, masu furfura a yau, sai sun gyara zama. Wata rana can baya ƙaddara ta sa Sallau ya gaishe shi ta tagar mota, inji na ruri, bai fito ba. Tun daga ranar Malam bai sake ambaton sunansa ba, sai dai ya ce "direban nan". Domin wanke wannan abin kunya ne sadauki ya ɗauki Malam da uwargidansa Hajiya Kulu, 'yar Malam ɗin, ya keta hazo da su zuwa hutun sanyi a tsaunukan Alps na ƙasar Austiriya, wani katafaren sansanin wasan zamiya inda Turawa ke ɗaura dogayen alluna a ƙafa su gangaro daga ƙololuwar dutse da ransu da lafiyarsu, ba wanda ya kore su.

To, a can ƙasar rana malalaciya ce wajen fitowa, bargon otal kuma azzalumi. Sadauki ya sallaci asuba, ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa. Bai farka ba sai da waya ta yi ƙara, hantsi ya riga ya yi nisa.

"Alhaji, kana ina?" in ji Hajiya Kulu. "Muna can saman dutse tun ɗazu, Baba sai duba agogo yake. Ya ce in azahar ta yi bai ji ina kwananka ba, a nema masa jirgi gobe. Kuma wallahi in ya tafi, ƙafata ƙafarsa."

Nan take sadauki ya zabura ya shiga sulke: wando a kan wando, suwaita a kan suwaita, jaket mai kumburi kamar burodi, sannan ya zuba babbar rigar shadda a kan duka, domin ba a zuwa gaban suruki da jaket kamar ɗan acaba. Ya kafa hula, ya fita yana huci, hucin kuma yana zama hayaƙi a gabansa. Da ya isa wurin kejin gilashi da waya ke ja zuwa sama, ya tarar da layi ya nannaɗe har bayan shagon shayi. Sai ya hango wata wayar daban mai kujeru a rataye, ba kowa. Baturen da ke gadinta ya nuna masa ƙafa, ya girgiza kai: ba a hawa sai da alluna. Ba gardama sadauki ya karɓi haya, aka cusa shi cikin takalma masu nauyin batirin tirela, aka ɗana masa alluna biyu, aka miƙa masa sanduna biyu, kujera ta kwashe shi ta baya ba sallama.

"La haula!" in ji shi. Wannan ita ce kuwwar yaƙi ta farko.

A ƙololuwar tsauni, inda gajimare ke yawo ƙasa da ƙafar mutum, ya hango Malam Ɗayyabu tsaye lulluɓe da bargo, sanda a hannu, fuska a murtuke kamar ranar jarrabawa, Hajiya Kulu a gefensa. Sadauki ya ja ƙafa, ya ja ƙafa, har ya iso kusa. Sannan ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi: ya maƙale sandunan nan a hammata, ya haɗa gwiwa, ya durƙusa ƙasa sosai, ya sunkuyar da kai.

Abin da iyaye da kakanni ba su sanar da shi ba shi ne, wannan durƙuson na gaida suruki, shi ne ainihin zaman da zakarun tseren ƙanƙara ke kwashe shekaru suna koyo domin su keta iska. Ga shi kuma wurin da ya tsaya gangare ne.

"Baba, ina kwa..."

Sauran kalmar ta tafi tare da shi. Ya wuce ta tsakanin Malam da Kulu sumul, ya wuce wani baƙin allo mai hoton mutum kai a ƙasa, ya faɗa hanyar da su kansu 'yan ƙasar sai sun yi sallama da iyali suke binta.

Malaman tarihi sun yi saɓani a kan dalilin da ya hana shi miƙewa. Wasu sun ce tarbiyya ce, domin ɗan halak ba ya tashi daga durƙuso sai babba ya amsa. Wasu sun ce gwiwoyin ne suka ƙi. Abin da aka haɗu a kai shi ne, a durƙushe ya shiga yaƙin, kuma tsaunin bai taɓa ganin gudu irin wannan ba.

Runduna ta farko da ta tare shi ta wasu tsofaffin Turawa ce masu koyon zamiya, sun jeru bayan malaminsu kamar agwagi. "Gafara dai! Gafara dai, bayin Allah!" Ba su ji Hausa ba, amma sun ji tumbi na tafe, suka watse gabas da yamma, alluna a sama. Runduna ta biyu ta tutoci ce ja da shuɗi da aka kakkafa domin gasa, waɗanda doka ta ce a kewaye su ɗaya bayan ɗaya. Sadauki bai kewaye ko guda ba, sai ya kwashe su duka a ƙirji ya yi gaba da su ganima, 'yan kallo suka ɓarke da ihu suna kaɗa ƙararrawar shanu suna ɗaukar bidiyo.

Daga nan iska ta shiga babbar riga ta hannun dama, ta rasa hanyar fita ta hagu, shadda ta buɗe kamar rumfar biki. Ya taka wani tudu, sai ga jikan Nomau a sararin samaniya, tsakanin ƙasa da rahamar Ubangiji. A can saman ne ya yi kiciɓis da kejin gilashi yana gangarowa, Malam Ɗayyabu a ciki yana kallonsa ido cikin ido.

"Baba, ina..."

Iska ta fizge sauran. Malam ya duba agogo.

Sadauki ya diro cikin dajin itatuwa masu tsini, inda rassa suka yi layi suna marinsa ɗaya bayan ɗaya kamar an ba su umarni. A nan hula ta yi shahada. A nan wani kurege ya ga abin da har ya mutu ba zai iya bayyana wa 'ya'yansa ba. A nan sadauki ya tuba daga zunuban da ya yi da waɗanda yake da niyya. Ya fito ta ɗaya gefen da reshe a wuyan riga, gemu ya daskare, tutoci na kaɗawa a bayansa, har yanzu a durƙushe.

Sannu a hankali gangare ya ƙare, ƙasa ta miƙe, gudu ya ragu. Alluna suka ɗauke shi a natse suka bi ta gaban otal, suka bi ta gefen layin nan, suka tsaya cak a bakin shagon shayi, daidai gaban kujerar da Malam Ɗayyabu ke zaune da kofi a hannu. Sadauki ya tattara sauran numfashinsa.

"Baba, ina kwana?"

Malam ya kurɓi shayi. Ya dube shi daga kai har ƙasa, idonsa ya tsaya a ƙasan.

"Kulu, da takalmi yake gaishe ni?"

"Baba, ka ga fa daga inda ya faɗo."

"Na gani. Takalmin ma mai tsawon ƙyauren ƙofa."

Nan aka buɗe yaƙi na ƙarshe, wanda ya fi na tsauni muni. Takalman na da maɗauran ƙarfe, yatsun sadauki kuma sun sandare kamar rogo. Ya ja, ya murɗa, ya sa haƙori. Hajiya Kulu ta kama ƙafar dama tana cewa, "Alhaji, saki jikinka mana!" Wata tsohuwar Baturiya ta ajiye kek ɗinta ta kama ta hagu. Aka yi ta dambarwa har takalma suka sallama, Kulu ta zauna daɓas da ɗaya a ƙirji. Sadauki ya taka ƙanƙara da safa, sanyi ya harbe shi har ƙwaƙwalwa, ya sake durƙusawa, ya buɗe baki.

Sai wayar Malam ta ɗauki kiran sallar azahar daga cikin bargo.

Aka saurara har ta gama. Malam ya ajiye kofi, ya dogara sanda ya miƙe.

"Yanzu kuma ai ina wuni ake cewa," in ji shi. "Kulu, bar maganar jirgin nan tukuna." Ya ɗaga sanda ya nuna wani tsauni can baya, wanda ya ninka na yau, kansa ma ba a gani don gajimare. "Gobe da safe a can zan sha shayi. Sai ya zo ya gyara."

"To, Baba," in ji Sarkin Tayoyin Gusau.

Malam ya tafi alwala. Sadauki ya yunƙura zai bi shi, safa ta ce ita kam ta manne da ƙanƙara.