Rasuwar Tafireta Mai Ƙugiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, ni Uwaisu Mazanya, tsohon akawu a bakin iyakar Jibiya, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tafiretata, wadda ta cika a kakar bana ta 1956, bayan gajeriyar jinya. Da hannu na rubuta wannan sanarwa, domin mai buga mini ta riga mu gidan gaskiya. Ba ta mannawa a bango ba ce. Wanda ya karanta ya miƙa wa murhu.

Marigayiya baƙuwa ce a ƙasar nan. Daga hannun wani Bature mai sayen gyaɗa ta dawo hannuna, shekara tara da suka wuce. Ba ta ofis ba ce, tawa ce, a ɗakina take kwana. Ta yi wa fatake wasiƙu, ta isar da gaisuwar uwaye ga 'ya'yansu da ke Kurmi, ba ta taɓa maimaita sirrin wani a gaban wani ba. Maƙwabta sun san muryarta. Da hantsi ranar kasuwa sai ka ji kat-kat-kat, kat-kat, can kuma ƙararrawarta ta ce ting, kamar mai neman izini kafin ta sake layi.

Aibinta ɗaya, kuma da shi aka haife ta: ba ta iya faɗin ƙa. In ka ce mata ƙafa sai ta ce kafa, in ka ce baƙi ta ce baki. Abin ya dame ni, har na sa Arzika maƙerin azurfa na garin Riko ya ɗora wa wani harafinta da ba na amfani da shi ƙugiya, ya mai da shi ƙa. Daga Katsina har Maraɗi babu tafireta mai wannan baiwa sai ita. Na yi alfahari da haka, na faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Allah Ya yafe mini. Baki shi ke yanka wuya.

Ga asalin ciwon ajalinta. A farkon damina wata takarda marar sa hannu ta isa Katsina, tana bayyana yadda jakuna da buhunan gero ke ɓacewa a shingen da Malam Kalilu ke tsaro. A saman takardar an buga kalma ɗaya, ƙara, da ƙugiyarta tsaf. Ni ban ce marigayiya ce ta buga ba, ba a yi wa mamaci shaidar sharri. Abin da na sani shi ne an kira Malam Kalilu, ya rantse ƙazafi ne, aka ce masa in ya kawo tafiretar da ta yi aikin, mai ita zai kwana a gidan yari. Ya dawo bakin shingensa yana murmushi.

Kwana uku bayan haka ya tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Malam Uwaisu, ina 'yar tsohuwar taka? Kwana biyu ban jiya muryatta ba. Ina nan tahe gaishe ta."

Tun daga ranar ta kwanta. Ƙararrawarta ce ta fara ɗaukewa, don na naɗe ta da tsumma. Sai muryar ta dushe, don na tura ta ƙarƙashin gado na jibga mata tabarmi. Na so in kai ta jinya Maraɗi, amma duk kayan da zai ƙetare sai ya bi ta hannun Malam Kalilu, kuma ko tulun ruwa ne sai ya leƙa. Ni kaina kujerar ofis ta fara yi mini zafi. Kullum in ɗaga kai in gan shi ta taga, yana kallon yatsuna.

Na ajiye aiki, na bi Ahmadu, wani magini daga Maraɗi mai shimfiɗa karo, wato 'yan allunan simintin nan masu zane da ake jerawa a daɓen ɗaki. Luba matata ta yi kuka. Ta ce, "Malam, ka bar kujera ka koma rarrahe? Mi za ni ce ma dangi?" Gara rarrafe a ɗakin mutane da zama a ɗakin da ake kullewa ta waje.

Marigayiya ta cika ranar wata Talata da rana tsaka, a sabon zauren Alhaji Mahmudu, inda muke aiki. Leburori sun tafi cin abinci, Ahmadu ya tafi neman yashi. A cikin buhun siminti na kawo ta. Ni na rufe mata ido, da gudumar aiki. Ba ta yi gardama ba, sai a bugu na ƙarshe tsumman ya zame, ta ce ting. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar wanda ya rasa uwa. Harafin nan mai ƙugiya shi ya kamata in fara niƙewa, amma hannuna ya ƙi. Da shi aka sa ta a makwancinta, ba a ɗaga kabari ba, aka shafe shi daidai da ƙasa, aka lulluɓe da karo.

Ta rasu ta bar ƙyallen tawada guda, da burushi, da 'yar kwalbar mai, da rigarta ta fata wadda Luba ke rufe ƙwaryar gari da ita ba tare da ta san gadon wa take ci ba. Ta kuma bar ni, da yatsu goma da siminti ya tsattsage, da gwiwoyi masu kanta. Mutanen da ke cire mini hula da, yanzu sai su ce in matsa za su wuce. Sana'ar ba ta da laifi. In ka ja igiya ka jera layi ya tafi sak, akwai daɗi irin na shafin da ba gyara. Laifin nawa ne, ɗan koyo.

Da muka gama zauren, Ahmadu ya bi karo ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma. Ya ce, "Ƙanena, karo ba shi ƙarya. Wanda ya zauna shi ce tim. Wanda ad da rami ƙarƙashi shi ce ƙwal." A kusurwar gabas guda ɗaya ya ce ƙwal. Ahmadu ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ɗauki kayansa ya koma Maraɗi. Washegari Alhaji ya sa ƙofa ya rataya kwaɗo, ban sami hanyar gyarawa ba.

Ɗaki uku na shimfiɗa a garin nan. Malam Kalilu, wanda ba a san shi da sha'awar gini ba, ya riga ya ziyarci biyu, ya yaba aikina ƙwarai, ya zagaya kowace kusurwa.

Game da shirye-shiryen jana'iza: an riga an yi sutura, ba a zaman makoki, kuma ba a karɓar gaisuwa a gida. Ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko, Alhaji Mahmudu zai buɗe zaurensa da addu'a, wadda ta zo dab da arba'in ɗin marigayiya. Masu ƙaunarta su zo da wuri, su zauna a kusurwar gabas, su baza riguna, kada su tashi sai an shafa. Na roƙi Alhaji, da sunan kare sabon daɓe, a bar takalma da sanduna a ƙofa, ya kuwa amince. Malam Kalilu ya aiko da godiyar gayyata, ya ce in Allah Ya kai mu shi zai fara isowa. Ya kuma nemi a yi masa uzuri, wai ƙafarsa na ciwo kwanan nan, ba ya iya tsayuwa sai da sandarsa mai bakin ƙarfe.

Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta yi shiru.