Ranar da Na Wanke Jirgin Yaƙi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na wanke jirgin yaƙi. Shekarar da aka canza kuɗi ce, mutane suka yi ta cincirindo a ƙofar banki, damina biyu bayan ruwa ya ci katangarmu ta gabas a nan Bolari, kafin kuma a cire mini haƙorin da nake tauna goro da shi. To, a tsakanin nan ne.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san tsawon bishiyar da na faɗo daga kanta. Ban yi boko ba, amma a unguwar nan in ana zancen tsabta sunana ake fara kamawa. Tukunyar da na zo da ita gidan miji, in kika leƙa gindinta sai ki ga fuskarki har ki gyara ɗauri. Amare ake turo mini in koya musu wanke-wanke. (In na ce ban ji daɗin wannan suna ba na yi ƙarya. Har tafiyata ta canza saboda shi.)

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa don mu Fulani ba ma yin haka, Soja nake ce masa, ya yi aiki a sojan sama. Ba tuƙi ba, gyara. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ga wani kwali an aiko masa daga waje. Ya buɗe, na leƙa: guntayen roba ne masu launin toka, manne a jikin sanduna kamar 'ya'yan itace a reshe.

Na ce, "Soja, da furfurarka ka koma wasan yara?"

Ya ce, "Dada, ba abin wasa ba ne. Irin jirgin da na yi shekaru ina gyarawa ne aka ƙanƙanta."

Ga dalilinsa. 'Yarsa Ummi za ta auri ɗan Alhaji Modu, shi kuwa Alhaji Modu tsohon ogansa ne, shi ne matuƙin wannan jirgi. Soja ya ce mini, "Mutumin nan yana da komai, ba abin da zan saya masa ya burge shi. Amma jirginsa an daɗe da jingine shi. Zan mayar masa da shi kamar yadda ya san shi."

Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Ina! Tun daga ƙaramar Sallah har babba mutumin nan yana sunkuye a kan tebur, da tabarau biyu a fuska da hantsaki a hannu, yana faɗa da mutanen da suka ƙera robar alhali ba sa jin sa. Wai ba su taɓa tsayawa a gindin jirgin ba. Hanci ya yi kauri, ya bi shi da sanfefa har ya sirance. Wutsiya ta gaza, ya ƙara mata da wani farin kwaɓi irin na masu gyaran jikin mota. Kujerar matuƙi ba irinta ba ce, ya cire ya sassaƙa wata. Yana yi yana kara shi da wani tsohon hoto yana tsaki. Ranar da ya gama fenti kuwa, har ni sai da na ce masha Allah. Daga nan na tafi Dukku suna, na ɗan kwana biyu. Da na dawo na tarar an lulluɓe jirgi da farin ƙyalle an ajiye a falo, sai ranar sa rana.

Ranar da safe Soja ya tafi unguwar Arawa ɗauko kujeru. Ni kuwa ina zagayen gida ina duba ko an bar ƙura a wani lungu, sai na ɗaga ƙyallen nan.

Innalillahi! Jirgin da na bari fes ya koma kamar an tsamo shi daga murhu. Baƙi-baƙi a gefe, wani jirwaye kamar mai ya zuba a cikinsa, fenti ya koɗe a bakin fiffike, ga wani faci a fiffiken hagu da launinsa bai ma dace da saura ba. Na ce hayaƙin janareto ne da hannun yara. Wannan za a miƙa wa suruki? A gidana? A je a ce tsohuwar nan tsabtarta a baki take?

Na leƙa katanga na kira maƙwabciyata Mama Nkechi, mai shagon sabulu, na ce ta miƙo mini sabon soso.

Ta ce, "Mama, kin tambayi Oga kuwa?"

Na ce, "Ni zan tambayi yaron da na wanke wa kashi yadda ake wanki?"

Na zauna a gindin famfo da toka da sabulu, na yi bisimilla. Baƙin nan ya yi gardama, amma bai san da wa yake yi ba. Facin ma na bi shi har ya saje. Wasu 'yan takardu masu lamba da ke manne a jiki suka jiƙa suka fara ɗagowa, na ce ai takardar kanti ce irin ta sabon kwano, na ɓare su tas. Ina juya shi sai wani abu ya soke ni a yatsa. Na duba, me zan gani a tsinin hancinsa? Allurata! Allurar da na yi wata guda ina nema har na zargi jikoki. Na zare abata na soke a ɗankwali. Na shanya jirgi, ya bushe, na ɗan shafa masa man shafawa don ya yi sheƙi, na mayar na lulluɓe. (Har waƙa nake yi, jama'a. Waƙa.)

Bayan azahar maza suka gama magana, aka sa rana, aka shafa fatiha. Sai Alhaji Modu ya ce a kira masa ni mu gaisa. Shi Babarbare ne, kun kuwa san tsakaninmu da su ba a raga wa juna.

Ina shiga ya ce, "A'a, ga baiwata ta fito. Ina shanun?"

Na ce, "Suna gaida bawansu mai tsage a fuska kamar kaza ta yi tono."

Aka yi dariya. Soja ya tashi ya ɗauko tebur ya ajiye a gaban ogansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga wani tsohon abokinka." Ya yaye ƙyalle.

Jirgi ya ɗauki ido, wal-wal kamar sabon faranti. Falo ya yi tsit. Ni kuwa na gyara zama, don na san irin shirun da mutane ke yi in kyau ya rufe musu baki.

Soja ya ce, a hankali, "Wa ya taɓa shi?"

Na ce, "Ba sai ka yi godiya a gaban baƙi ba. Ni ce nan. Da ka ga yadda na same shi da ka yi kuka."

Ya dube ni, na ga idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Dada, dattin nan ni na sa shi. Da hannuna, ɗigo-ɗigo, duk kwanakin da kike Dukku. Baƙin gefen nan hayaƙin bindiga ne. Na cikin nan man da yake yoyo ne, bai taɓa dainawa ba. Facin kuma…"

Alhaji Modu ya karɓe. "Facin na ranar da na sauko da rami a fiffike ne. Ɗanki ya liƙe shi, na yarda da hannunsa na sake tashi." Ya sunkuya ya leƙa. "Lambata ma ta tafi. To ina tsinken hanci, wanda ke gaya wa matuƙi gudun da yake yi?"

Soja ya ce na robar ya yi kauri, shi ya sa ya canza shi da allura.

Ban san lokacin da hannuna ya tafi ɗankwali ba. Na zaro ta, na miƙa, a gaban surukai, ba wanda ya tambaye ni.

Alhaji Modu ya dubi allura, ya dube ni, sai ya kife a kan kujera. Dariya yake har hularsa ta faɗi. Da ya samu numfashi ya ce, "Jama'a ku shaida! Shekara da shekaru abokan gaba suna neman jirgin nan ba su same shi ba. Bafulatana ta gama da shi da soso ɗaya! An ba ta jirgi ta ɗauka ƙwaryar nono ce!"

Ni da ba a taɓa kayar da ni a wasan Barebari ba, ranar na sha ƙasa. Dariyar ba ta dame ni kamar fuskar Soja ba, don shi bai yi ba.

Shi Alhajin ya lura. Ya share hawaye ya tura tebur gaban Soja ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, nawa ko ranar da aka kawo shi bai yi wannan tsabta ba. A mayar mini da dattina kafin ɗaurin aure. Kuma wadda ta kwashe ita za ta kawo."

Haka aka yi. Soja ya ce baƙin tukunya zai yi, in kankaro masa. Na shiga madafa na juya tukwanena ɗaya bayan ɗaya, babu mai ko ɗigon baƙi. Sai da na sake leƙa katanga na roƙi Mama Nkechi aron tata, tukunyar da na yi shekaru ina yi mata gori a kai. Ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, "Mama, a dawo mini da ita yadda take, don Allah kada a wanke."

Na zauna kusa da ɗana, ina kankara yana ɗiba da ɗan burushi, yana gaya mini labarin kowane tabo. Shekarun da ya yi a aikin nan ban taɓa tambayarsa me yake yi ba sai a wannan zama. Lambar ya zana da hannu. Allura kuma na bar masa har abada.

Abin da na koya shi ne, wani dattin da mai shi. Yanzu ko ɗan Ummi na gani da majina sai na tambayi uwarsa, "Wannan a share, ko aikin injiniya ne?"

Mama Nkechi ta riga mu gidan gaskiya bara, tukunyarta tana wurin 'yarta, baƙa ƙirin. Soja yana nan, ya sayo wani kwalin, ya kuma sayo kwaɗon kulle ɗakinsa. Jirgi yana falon Alhaji Modu a unguwar Madaki cikin gilashi, da dattinsa cif. Shi ma Babarbaren yana nan da ransa, Allah bai hutar da ni ba. Duk Sallah sai ya aiko a gaishe ni, a kuma gaya mini motarsa ta yi ƙura.